Shirin Musamman: Gyaran Ma'ajiyar Janareta a Tsohuwar Motar Gida

Shirin na yau ya shafi wata irin mota da ta yaɗu a Amurka, wadda ake kira motar gida, wato babbar mota mai ɗauke da gado da kicin da banɗaki, wadda iyali kan yi doguwar tafiya da ita su kuma kwana a cikinta. Kamfanin Winnebago da ke garin Forest City a jihar Iowa ya fitar da tasa ta farko a 1966, kamfanin GMC kuma ya ƙera tasa daga 1973 zuwa 1978, kuma da yawa daga cikin motocin wancan zamani suna kan hanya har yau. Tun da ba kullum ake samun wutar lantarki a inda aka yada zango ba, akan girka wa motar janareta a wata ma'ajiya da ke gefenta, galibi ƙirar Onan, kamfanin da Cummins ya mallaka daga 1986.

Wannan ma'ajiya ce kan lotsa idan mota ta tsufa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. A motoci da dama akwati ne na filawud, wato siraran faifayen katako da aka manna da gam, an lulluɓe cikinsa da kwano, an rataye shi a jikin daɓen motar, alhali injin da yake ɗauke da shi kan kusanci kilo 100, yana kuma jijjiga duk lokacin da aka tayar da shi. Sai dai nauyi da jijjiga ba su cika karya busasshen katako ba. Ruwa ne ke fara ɓarna. Yana shiga ta bakin ƙofar da robarta ta bushe, ko tayoyi su watso shi daga ƙasa, katako ya sha ya ruɓe har noti ya nutse a cikinsa, a jihohin arewacin Amurka kuma, inda ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, tsatsa ta cinye ƙarafan da ke riƙe da shi. Alamar farko ita ce ƙofar ta ƙi rufuwa daidai, kuma idan aka caka sukundireba a kusurwar akwatin sai ta shige kamar an soka ta a burodi.

Haɗarin ya wuce faɗuwar inji. Idan janareta ya sauka ko da ɗan kaɗan ne, tiyon fetur da ke zuwa daga tankin motar yakan miƙe, salansa kan tsage, ramukan da suka buɗe kuma su zama hanyar da iskar kabon monoksaid, guba marar launi marar wari da ke cikin hayaƙin inji, za ta bi ta isa inda mutane ke barci. Saboda haka dabarar da wasu ke yi ta tokare akwatin da guntun katako ko ɗaure shi da waya ba gyara ba ce.

Gyara na gaskiya yana farawa da cire kan batir, sannan a kwance tiyon mai a toshe shi, a raba wayoyi bayan an sa wa kowace alama, a cire salansa, a sa jak mai faɗi a ƙarƙashin injin a sauke shi a hankali. Daga nan a yanke duk katakon da ya ruɓe har a tarar da mai ƙwari, a kuma gano ta inda ruwa ke shiga a toshe. Muhimmin mataki shi ne a ɗauke nauyin daga kan katako gaba ɗaya, a mayar da shi kan dogayen ƙarafan da gangar motar ke zaune a kansu, ta hanyar haɗa shimfiɗa da ƙarfe mai kusurwa. Gwanaye kan yi waldar shimfiɗar a waje, nesa da tankin fetur, sannan su ɗaure ta da noti a cikin ƙarfen motar, ba a leɓensa na sama ko na ƙasa ba, domin huda leɓen kan raunana shi. Sabon akwati sai a yi shi da filawud mai jure ruwa, a mayar da kwano, a liƙe kowace kafa ta ɓangaren ɗaki, amma a bar hanyar iskar da ke sanyaya injin a buɗe. Robobin da janareta ke zama a kansu su ma a sauya su, bakin salansa ya leƙo waje da jikin mota, kuma kafin a kwana a ciki a gwada na'urar da ke ƙara idan ta shaƙi wannan guba.