Bindiga a Ƙugu, Bindiga a Ƙarƙashin Riga: Gargaɗi ga Masu Zuwa Amurka

Ɗalibi, direban tasi, mai zuwa ganin dangi, kowa ya san wannan kafin ya hau jirgi. Zuwa shekarar 2024, jihohi 29 na Amurka sun yarda baligi ya yi yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Texas, inda 'yan Najeriya suka yi yawa a Houston, ta shiga sahu ranar 1 ga Satumba, 2021. Can gardamar da suke yi ita ce, a rataye ta a fili ko a ɓoye ta? Kowanne da haɗarinsa. Baƙo ne ya fi saurin faɗawa ciki.

Ta ɓoye ba a ganinta. Tana ƙarƙashin riga, tana jakar mace, tana cikin mota. Mu kuwa mun saba, in aka goge mana mota, mu fito mu yi cacar baki har a taru a raba. Kada ka gwada haka a can. Tun 2005 dokar Florida ta ce wanda ya ji ransa na cikin haɗari ba dole ne ya ja da baya ba kafin ya yi harbi. Jihohi da dama sun bi ta. Ka ɗaga murya, ka matso, ka sa hannu a aljihu, sai ya ce tsoro ya ji. Kai kuma ba ka nan balle ka musa.

Masu ratayawa a fili suna cewa ganinta kaɗai na korar ɓarawo. To, ran da harbi ya tashi fa? A Dallas, ranar 7 ga Yuli, 2016, wani ya kashe 'yan sanda 5 a wurin zanga-zanga. Wani mai suna Mark Hughes yana cikin taron da doguwar bindiga a kafaɗa, kuma doka ta yarje masa. 'Yan sanda suka baza hotonsa a matsayin wanda ake zargi. Bai harbi kowa ba. An sake shi, amma barazanar kisa ta bi shi.

Kada kuma aboki ya ruɗe ka da cewa ka sayi taka. Dokar tarayya ta hana mafi yawan masu bizar karatu ko ta ziyara mallakar bindiga. Hukuncin ya kai ɗaurin shekaru, ga kora daga ƙasar. Abin da Texas ta halatta, a New York kama mutum ake yi a kansa.

Wadda ke cikin gida ma ba ta da tabbas. A 2021 bindiga ta kashe mutum 48,830 a Amurka. Fiye da rabinsu kansu suka kashe. Mai yara ƙanana ya yi tunani sosai.

Lasisi ma ba ya tare harsashi, musamman ga baƙar fata. Wani mai suna Philando Castile yana da izininsa. Ɗan sanda ya tsayar da shi a Minnesota ranar 6 ga Yuli, 2016. Da bakinsa ya faɗa cewa yana da bindiga. Cikin daƙiƙu aka harbe shi, ga ƙaramar yarinya a kujerar baya. Saboda haka in an tsayar da kai, ɗora hannu biyu a kan sitiyari. Kada ka laluba aljihu sai an ce ka laluba. Mai ɗa ko ƙani a can ya kira shi yau ya gaya masa, kada ya jira sai ya zo hutu.