Maganadisun Jita: Gaskiya da Ƙaryar Kasuwa

A Onitsha, garin da Prince Nico Mbarga ya fitar da waƙar "Sweet Mother" a 1976, jitar lantarki kayan neman abinci ce, ta coci da ta biki. Idan ta mutu, sau da yawa hannun 'yan gwangwan take faɗawa, kuma yawancinsu namu ne, daga Gariki ta Enugu har Diobu ta Fatakwal. To, akwai maganganu da ke yawo kan ƙusoshin nan shida da ke ƙarƙashin tsirkiya, cikin na'urar da ke ɗaukar sauti.

Ana cewa ƙusoshin maganadisu ne. Wani lokaci haka ne. A tsohon tsarin kamfanin Fender kowace ƙusa maganadisu ce ta alniko, wato haɗin alminiyom da nikel da kobal da baƙin ƙarfe. A tsarin kamfanin Gibson da Seth Lover ya ƙera, wanda ya hau jita a 1957, ƙusoshin ƙarfe ne zalla, maganadisun kuwa sanda ce kwance a ƙasansu. Jita mai araha ma ƙusoshinta ƙarfe ne, sai dai a manna mata baƙar sandar seramik, irin ta bayan sifika. Juya na'urar kawai za ka yi ka gani.

Babbar ƙaryar ita ce wai gwargwadon ƙarfin maganadisu gwargwadon daɗin sauti. Ƙara dai tana ƙaruwa. Amma tsirkiya ƙarfe ce, idan jan ya yi yawa sai ya danne rawarta: amo ya mutu da wuri, murya ta riƙa karkarwa kamar ba a saita ta ba. Shi ya sa maganadisun neodimiyom na 1984, wanda ya fi kowanne ƙarfi, bai kori alniko ba. Kuma maganadisu ba shi kaɗai ke aiki ba. Wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, mai naɗi kusan 8,000 a irin na Fender, da tazarar ƙusa da tsirkiya, su ma ke yanke hukunci. Seramik mai kyakkyawan naɗi ya fi alnikon da aka yi wa aikin ha'inci.

Zancen wai zafin rana na kashe maganadisun, babu. Alniko na jure zafin ɗaruruwan digiri. Gunjin da ake ji idan an tada janareta shi ma ba raunin maganadisu ba ne, wayar ce ke kwasar hayaniyar lantarki. Damshin Fatakwal kuwa tsatsa yake kawowa, ya kuma ci siririyar wayar har ta tsinke.

Magana ɗaya ce gaskiya tsantsa: alniko na rasa ƙarfi idan aka goga masa wani ƙaƙƙarfan maganadisu. Don haka ɗan'uwa mai gwangwan, wannan na sifika da kake gwada ƙarfe da shi, kada ka ɗora shi kan jita. Kai ta wajen mai gyara a duba wayar tukuna, kafin ka ɗora ta a sikeli.