Jagorantar Taron Fasaha a Tawa: Jan Hankali ga Sabon Hannu

Tun da aka mayar da cibiyar koyon fasaha ta Tawa jami'a a 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan masanin tarihin Adar, Farfesa Djibo Hamani, garin ya samu matasa masu ilimin kwamfuta da kasuwancin zamani. Duk inda irin waɗannan suka yawaita, taro ba ya yankewa, kuma kowane taro yana buƙatar wanda zai tsaya gaban jama'a ya ja ragamarsa. Sau da yawa ɗalibi ko matashin ɗan jarida ake ɗora wa nauyin don an ga bakinsa yana da zaƙi. Zaƙin baki kuwa ƙaramin yanki ne na aikin.

Babban aikin mai gabatarwa shi ne sada mai ƙirƙira da mai buƙata. A zauren taro a Tawa za ka tarar da injiniyan da ya yi karatu da Faransanci, ga manomin albasa daga Galmi, ga makiyayi daga Abalak ko Cintabaraden wanda Tamashek ko Fulatanci ne a bakinsa, ga uwar gida da ke karɓar kuɗin da mijinta ke aikowa daga Abijan ko Libiya ta hanyar kamfanin aika kuɗi na Nita ko Al Izza. Idan aka tashi taro waɗannan mutane ba su gane abin da aka faɗa ba, an yi asarar kuɗin haya da na abinci. A 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Saboda haka kada ka ji nauyin taƙaita jawabin kowane baƙo da Hausa cikin jimla biyu ko uku, sannan ka tanadi tafinta tun da wuri domin masu Tamashek da Fulatanci.

Ba za ka iya taƙaita abin da ba ka fahimta ba. Don haka rabin aikin ana gama shi ne kafin ranar taro. Nemi kowane mai jawabi, ka tambaye shi yadda ake kiran sunansa da muƙaminsa, da matsalar da na'urarsa ko manhajarsa ke warwarewa. Ɗauki misalin Abdou Maman Kané, ɗan Nijar da ya ƙirƙiro hanyar ban ruwa daga nesa, wanda ya samu kyautar Sarki Hassan na Biyu kan harkar ruwa a 2015. Mai gabatarwa da bai yi shiri ba zai jero lambobin yabo ya tsaya. Wanda ya shirya zai ce: wannan bawan Allah ya sa manomi na iya kunna famfon gonarsa da wayar salula yana zaune a kasuwa. Nan take mai noman rani zai gyara zama.

Sai batun gaisuwa. A ƙasar Adar, inda Tawa take, ba a wasa da girman manya. Karɓi jerin sunaye a rubuce daga masu shirya taro, ka tabbatar da wanda ya zo da kansa da wanda ya turo wakili: gwamna, shugabannin jami'a, sarakuna, malamai. Ka gaishe su sau ɗaya cikin ladabi, ka shiga aiki. Kirari da wasa mutane sana'ar maroƙa ce, tana da gurbinta a biki da filin kokawa. A taron fasaha tana cinye lokacin matashin da ya kwana yana shirya abin da zai nuna.

Lokaci ma amana ne. Gaya wa kowane mai jawabi mintocinsa tun kafin ya hau, ku yi yarjejeniya kan alamar da za ka yi masa idan sun kusa ƙarewa, don kada ka katse babba a bainar jama'a. Saka Azahar da La'asar cikin jadawali, domin ko ba ka saka ba zauren zai watse.

Wuta da intanet kuma kada ka ba su amana. Ko da yake tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki tun 2018, Nijar ta daɗe tana dogaro da wutar Najeriya, kuma kowa ya ga abin da ya faru da aka yanke ta a Agustan 2023. Ka san wanda ke kula da janareto, ka sa a sauke bidiyo da hotuna a kwamfuta tun da dare, ka riƙe tambayoyi biyu a aljihu da za ka jefa wa baƙi idan allo ya mutu.

Lokacin tambayoyi shi ne ma'aunin gwaninta. Wani zai karɓi makirufo ya fara wa'azi. Gode masa ka nemi tambayarsa. Ka kai makirufo layin baya da ɓangaren mata, inda ake da tambaya amma kunya ke hana ɗaga hannu. Idan kowa ya yi shiru, kai ka yi tambayar da ke zuciyar talaka: nawa ne kuɗinsa, yana aiki a ƙaramar waya, wa zai gyara idan ya lalace a Keita ko Buza?

Faɗuwar gaba ba ta barin sabon hannu, amma shiri yana rage ta. Haddace jimlolinka na farko, yi magana a hankali, idan ka yi tuntuɓen harshe ka gyara ka wuce. Kafin ka sallami jama'a, faɗa musu inda za su samu masu ƙirƙirar nan bayan taro, domin cinikin da haɗin gwiwar da aka taru dominsu a nan suke farawa.