Wuƙa Mai Zanen Ruwa: Yadda Manomi Zai Gane Ta Gaskiya

Jama'a manoma, idan kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, 'yan kuɗi suka shigo hannu, a nan ne mutum kan tuna da kayan aikinsa. Wannan ya sake lauje, wancan ya kai adda a gyara, wani kuwa ya nemi wuƙar kirki ta yanka da fiɗa, domin manomi ba ya rasa ɗan akuya ko tunkiya a gida. To, akwai wata irin wuƙa da masu talla ke ta yayatawa, har cikin waya, wadda jikinta ke da zane kamar ruwa yana gudu, ko kamar jikin katako. Suna ce da ita wuƙar Dimashƙa, kuɗinta kuwa ya ninka na wuƙar maƙeranmu na birnin Zariya. Kafin mutum ya ɓanɓare kuɗin buhun masararsa ya bayar, ya kamata ya san abin da yake saye.

Sunan nan ƙarfe iri biyu yake ɗauke da shi. Na asali a kudancin Indiya da tsibirin Sirilanka aka riƙa yinsa. Akan zuba ƙarfe da itace da ganye cikin 'yar tukunyar yumɓu, a toshe bakinta, a hura wuta har ya narke, ya sha sinadarin gawayi, watau kabon, wajen kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Fatake su kai curin ƙasashen Farisa da Sham, a ƙera takubba. Zanen wannan daga cikin ƙarfen yake fitowa, ba a haɗa shi da wani ba. Wajen shekarar 1900 sana'ar ta mutu. A 1998 ne wani masani Ba'amurke, John Verhoeven, da maƙeri Alfred Pendray suka bayyana cewa ɗan ɓurɓushin wani sinadari, banadiyam, da ke cikin tamar can, yana da hannu wajen fitar da zanen. Irin wannan sai gidajen tarihi da 'yan maƙera ƙalilan. Duk wanda ya tare ka a Ƙofar Doka ya ce ita ce a hannunsa, kuma da araha, sai ka yi masa sallama ka wuce.

Na biyun shi ne ake sayarwa yanzu. Maƙeri kan ɗauki fallayen ƙarfe iri biyu, ɗaya mai kabon kawai, ɗaya mai ɗan nikel wajen kashi 2 cikin 100, ya jera su bi da bi, ya sa a wuta har su yi fari, ya buga da masaba su manne su zama ɗaya. Sa'an nan ya miƙar, ya ninke, ya sake bugawa. Falle 8 in an ninka sau 5 sun zama 256. In ya murɗa ƙarfen ko ya sassare shi kafin ya daddale, zanen ya sake kama. Bayan an gama ƙira sai a tsoma wuƙar cikin ruwan asid, ya ci ɗaya ƙarfen ya baƙanta shi, mai nikel kuwa ya tsaya da haskensa. Dabara ce daɗaɗɗiya, mutanen Jawa da ita suke ƙera wuƙarsu ta gado, su fitar da zanen da ruwan lemun tsami da wani magani. Bill Moran ne ya farfaɗo da ita a Amurka a 1973.

Jabun kuwa ba wuya. Ƙarfe ɗaya ne tal, a ɗora masa zane a sama da asid ko da injin leza, kamar yadda ake yi wa amarya lalle. Kada wannan ya ba ku mamaki. Lokacin da Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar da ruwan takubba na garin Solingen na Jamus ana kawowa ta Sahara, kuma sananne ne cewa maƙeran ƙasashen nan sun riƙa kwaikwayon tambarin 'yan watannin da ke jikinsu suna bugawa a nasu, don mai saye tambari yake dubawa.

To, ga yadda za ka duba. Fara da bayan wuƙar, wajen da ba kaifi, da kuma gindinta inda ta shiga ƙota. In falle-falle ce ta gaskiya, za ka ga 'yan layuka siri-siri sun bi ta nan, kuma zanen gefen dama ya haura ya sadu da na hagu. In zane ya tsaya cak a gefe, baya kuwa sumul, akwai alamar tambaya. Amma fa kada ka yanke hukunci a nan, gama waɗansu maƙera kan goge bayan wuƙa ya yi ƙyalli bayan sun tsoma ta. Haka nan akwai wadda ake sa ƙarfe mai tauri a tsakiya, a lulluɓe shi da mai zane, sai ka ga bakin kaifin fari ba zane. Wannan ba algus ba ne.

Sa'an nan ka ce mai kaya ya fito da biyu ko uku ka jera. Aikin masaba ba ya maimaita kansa. In ka ga zanen wannan da na waccan daidai wa daida, kowace lanƙwasa a wurinta, to, inji ne ya buga.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na gogewa. Sami samfefa mai laushi, ka goge wuri kamar faɗin farce kusa da ƙota har zanen ya ɓace sarai. Ka wanke da sabulu don maiƙo ya fita, ka ɗiga ruwan lemun tsami, ka bar shi kamar rabin sa'a. In ta gaskiya ce zanen zai komo, ko da dishi-dishi ne, ya haɗu da na kewayensa, domin har cikin ƙarfen yake. In jabu ce wurin zai yi toka-toka bai ɗaya. Wadda aka yi da ƙarfen da ba ya tsatsa lemu ba ya kama ta, sai asid ɗin maƙera. Kada kowa ya ɗebo ruwan batir don wannan, yana ƙona hannu, yana makantarwa. Mun sani ba mai kayan da zai so a goge masa wuƙa kafin ciniki. Saboda haka a yi cinikin da sharaɗi gaban shaida: in zane bai komo ba, kaya su koma, kuɗi su komo. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya ba ka amsa.

Ga inda muke so manomi ya fi sa hankali. Wuƙa tana iya zama falle-falle ta gaskiya, ta ci duk gwajin nan, amma ba ta yanka. Ana ƙera masu araha da yawa a ƙasashen waje, waɗansu da tarkacen ƙarfe mai laushi, waɗansu kuwa ba a ƙona su an tsoma a mai yadda za su yi tauri ba. Kai ta maƙera, a nan cikin birni ko Tudun Wada, maƙeri ya ɗan ja magagari a bakinta. In magagarin ya zame yana ƙara, ƙarfen ya taurara. In ya kama yana cin ƙarfen kamar ana gurza rogo, wuƙar za ta dakushe tun ba ka gama fiɗar akuya ɗaya ba. Ka kuma bi layukan da farce a cikin rana. Duk inda ka ji tsaga, fallayen ba su manne ba ke nan, jini da kitse za su maƙale ciki, tsatsa ta shiga, wata rana ta buɗe a kan ƙashi. Dakusasshiyar wuƙa azaba ce ga dabba ranar layya, ga ɓata fata da yanka-yanka, majema su karya mata kuɗi.

A ganinmu, wanda aikinsa yankan kara da fiɗa ne, wuƙar da maƙerinmu ya ƙera da sifirin mota ta ishe shi. Ƙarfen sifirin yana da kabon daidai gwargwado, yana ɗaukar washi, in ta lalace kuwa ga wanda ya yi ta nan kusa. Zane ba ya ƙara kaifi ko kaɗan. Wanda kuwa yake da hali, yana son ta don ado ko kyauta, ya kuma gwada ta ta ci, to, ya sani tana tsatsa kamar kowace. Ya wanke ta ya tsane da zarar ya gama aiki, ya shafa mata man gyaɗa kaɗan, kada kuma ya bar ta kwance cikin kuben fata duk damina, gama fata tana riƙe laima.