Daga Garatu Zuwa Gidan Kwano: Aikin Iyaye a Shekarar Aji Shida

Duk wanda ya taso daga Garatu zai shiga Minna, sai ya wuce ta bakin babbar ƙofar Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano, tafiyar 'yan mintuna a mota. Idan ya ƙara gaba, kafin ya kai shataletalen Kpakungu, zai wuce hedkwatar NECO, hukumar jarrabawar kammala sakandare da aka kafa a 1999 zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, wanda ɗan Minna ne. Garuruwa kaɗan ne a Nijeriya ke da jami'ar tarayya da hukumar jarrabawa a kan hanyar da suke bi kullum. Sai dai wannan kusanci bai taɓa ba yaro gurbin karatu ba. Layin da ɗan Legas da ɗan Inugu suke bi, shi ɗan Garatu yake bi, kuma layin yana da tsawo. A 2025 kusan mutum miliyan biyu suka zauna jarrabawar JAMB ta neman shiga jami'a, mafi yawansu ba su kai maki 200 cikin 400 ba.

Iyaye da yawa, musamman waɗanda ba su yi boko mai zurfi ba, suna ganin shekarar ƙarshe ta sakandare magana ce tsakanin yaro da malamansa. Nasu dai su biya kuɗi su yi addu'a. Alhali yaran da ke rasa gurbi kowace shekara, da yawansu kansu na ja. Abin da ke kayar da su ƙananan abubuwa ne da babba a gida zai iya sa wa ido ko da bai iya Turanci ba: sunan da ya saɓa a takardu, darasin da aka zaɓa ba daidai ba, layin wayar da ya ɓata, wa'adin da ya wuce ana gona.

Jarrabawa uku ce ke jiran ɗan aji shida, duk a cikin kamar wata huɗu. Ta JAMB kan zo a Afrilu ko farkon Mayu, da kwamfuta ake yin ta tun 2015, darussa huɗu, tambayoyi 180, cikin awa biyu. WAEC, ita ma ta kammala sakandare, ta biyo baya ta kai Yuni, sannan NECO ta ɗauka daga nan har cikin Yuli. Manomi ya san waɗannan watanni sarai, domin su ne lokacin da gonar doya ba ta jira: ga noman ciyawa, ga kafa sanduna, ga shukar masara da gyaɗa. Saurayi mai shekara sha bakwai kuwa shi ne ƙarfin gida. Uban da ya ce zai sauke wa ɗansa aikin gona na wata uku ya yi asarar hannu guda a daminar, kuma ba ƙaramar asara ba ce. Amma yaron da ya wuni a duƙe yana noma ba zai buɗe littafin Fiziks bayan isha ya fahimci komai ba. Wasu gidaje kan raba, yaro ya je gona Asabar da safe kawai, a nemi ɗan ƙodago ya cike sauran. Ita yarinya nata nauyin ba ruwansa da damina ko rani: ɗiban ruwa, girki, rainon ƙanne, wani lokaci da talla. Uwar da ta karɓi tukunyar dare daga hannun 'yarta a waɗannan watanni ta yi mata abin da malamin lesin ba zai iya ba.

Maganar kuɗi ta fi sauƙi idan an fara ta da wuri. Makarantu kan karɓi kuɗin WAEC da NECO tun kafin a shiga zango na uku, JAMB kuma kan buɗe rajista a farkon shekara. A 2025 rajistarta ta kama naira 7,200, ko 8,700 ga mai son jarrabawar gwaji. Wannan ya faɗo a bayan haƙar doya, lokacin da kuɗi ke hannu, don haka mai dabara yakan ware ƙwarya ɗaya ko biyu tun ranar da ya cika rumbu ya ce wannan ta jarrabawa ce. Dogaro ga alƙawarin gwamnati kaɗai yana da haɗari, domin an yi shekarun da NECO ta riƙe sakamakon ɗaliban makarantun gwamnatin Jihar Neja saboda bashin kuɗin jarrabawa, yara suna zaune lokacin neman gurbi yana wucewa.

Sai takardu, inda aka fi yin kuka. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa. Yaro zai tura lambarsa ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, a aiko masa da lambar da zai yi rajista da ita, kuma suna da ranar haihuwar da ke kan NIN su ne JAMB za ta ɗauka. To idan a NIN an rubuta Muhammad, a makaranta an rubuta Mohammed, a takardar haihuwa kuma shekarar ta bambanta, rigima ta samu, kuma gyaran kan ci makonni da kuɗin mota. Wannan aiki ne na hutun aji biyar: a tattaro takardar haihuwa, da ta ƙaramar hukuma, da katin NIN, a ba wani mai ilimi a dangi ya duba harafi bayan harafi. Layin wayar da aka yi rajista da shi ma ya zama na yaron ko na gida, a adana shi. Kuskure ne babba a yi amfani da layin mai shagon intanet ko na aboki, domin duk saƙon da zai biyo baya ta nan zai bi. Game da shekaru, an yi ja-in-ja a 2024 lokacin da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ce sai mai shekara 18, daga baya aka koma 16.

Abin da ya fi shafar mutanen Garatu kai tsaye shi ne irin jami'ar da ke maƙwabtaka da su. An kafa ta a 1983 don fasaha, kuma ƙofarta ta fi buɗuwa ga wanda ya yi kimiyya. Mai son injiniya zai rubuta Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri a JAMB, kuma ya samu kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi. Yaron da ya yi ajin adabi tun aji huɗu yana burin zama lauya ba shi da abin nema a Gidan Kwano, komai kusancinta da ɗakin uwarsa. Hanyarsa ta nufi Zariya ko Kano ko Abuja. Mai sha'awar kimiyyar siyasa ko tarihi yana iya duba Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai, wadda jihar ta kafa a 2005. JAMB na fitar da kundin da ke nuna darussan da kowane kwas ke buƙata a kowace jami'a, amma sau da yawa yaro yakan bar mai cike fom ya zaɓa masa. Sai ya ci maki mai kyau, a zo tantancewa a ce haɗin darussansa bai dace da kwas ɗin ba, shekara ta tafi, tunda sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne.

Akwai wata dama da ba kowa ya sani ba. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina, 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, Neja na cikinsu. Ɗan asalin jihar da ya sa jami'ar Minna a zaɓinsa na farko yana da ƙofa fiye da ɗaya. Amma ta kowace ƙofa, da maki ake shiga. Makin 150 da aka tsayar wa jami'o'i a 2025 mafi ƙaranci ne kawai, kwasa-kwasan da ake rububi kamar injiniyan kwamfuta suna neman abin da ya fi haka nesa.

Daga nan ne ake samun saɓani tsakanin uba da ɗa. Uba na son likita ko injiniya domin su ne sunayen da ya ji ana girmamawa, yaro kuma ya san Lissafi ba ya shigarsa amma kunya da biyayya sun hana shi faɗa. A gidajenmu ba kasafai saurayi ke kallon idon mahaifinsa ya ce ba zai iya ba. Sai ya yi shiru ya cike fom, ya faɗi, a ce bai yi karatu ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a duba sakamakonsa na aji huɗu da biyar, a je makaranta a tambayi malamin ajinsa, sannan a sa wanda yaron ke sakewa da shi, kawu ko yaya ko gwaggo, ya ji ta bakinsa. Jami'ar Minna na koyar da aikin gona, da safiyo, da tsara birane, da ƙididdigar kuɗin gini. Ɗan manomin doya da ya karanta kimiyyar ƙasar noma bai yi faɗuwar baƙar tasa ba, ko da maƙwabta ba su san sunan kwas ɗin ba.

Dole a taɓo maganar da ake yi ƙasa-ƙasa, wato makarantun da ake kai yara su rubuta jarrabawa a ba su amsa. Iyaye ne ke biyan kuɗin, wasu har da sayar da akuya. Dokar 1999 kan maguɗin jarrabawa ta tanadi tara da ɗauri, hukumomin kuma kan soke sakamakon cibiya gaba ɗaya, mai laifi da marar laifi. Ko an tsallake wannan, kiredit ɗin saye ba ya zama a gaban kwamfutar JAMB, kuma ba ya amsa tambayar Lissafi a shekarar farko ta jami'a, inda ake sallamar wanda makinsa ya gaza. Kuɗin ya fi amfani idan an sayi littafin tsofaffin tambayoyi, aka biya wa yaro awannin koyon danna kwamfuta a Minna. Akwai yaran ƙauye masu ƙoƙari da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka taɓa linzamin kwamfuta, rabin lokacinsu ya tafi a laluben inda za su danna.

Jikin yaron ma abin lura ne. Likitoci na cewa matashi na buƙatar barcin awa takwas zuwa goma, su kuma yara a wannan lokaci sukan kwana karatu da taimakon goro ko kofi ko lemon ƙara kuzari, wasu har abokai su miƙa musu ƙwaya. Yaron da ya daina cin abinci, ko ya ƙaurace wa mutane, ko ya riƙa fushi ba dalili, ba lallai rashin kunya ba ce, sau da yawa tsoron faɗuwa ne. Gori da misali da ɗan wane ba sa ƙara maki ko ɗaya.

Bayan takardar ƙarshe ta NECO sai dogon jira, kuma a nan iyaye kan saki jiki alhali aiki bai ƙare ba. Idan sakamako ya fito sai an ɗora shi a shafin JAMB a cibiyar da aka amince da ita. Sai an yi rajistar tantancewar jami'a cikin wa'adinta. Tun 2017 duk gurbin karatu ta manhajar CAPS ta JAMB yake fitowa, kuma sai yaro ya shiga ya danna cewa ya karɓa. Wanda ya zo ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi ta bayan fage, ko dai damfara ce, ko kuma gurbin da JAMB ba ta san da shi ba, wanda zai dawo ya hana yaro zuwa bautar ƙasa bayan ya gama.

Idan bai samu ba fa? Wanda ya rasa kiredit a Lissafi ko Turanci yana iya sake rubutawa a jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, jami'o'i da yawa suna karɓar sakamako biyu a haɗe, ko da yake kwas irin na likita yakan nemi zama ɗaya. Akwai shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello da ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye, akwai sharar fage a jami'ar Minna kanta, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Bida da ta jiha a Zungeru. Mafi muni shi ne a bar saurayi shekara guda ba karatu ba sana'a, da waya a hannu da shagon caca a bakin titi. Ga yarinya kuwa, wannan shekarar jira ita ce wadda maganar aure ke shigowa, kuma idan gida na son ta ci gaba, gara a faɗa wa masu nema tun farko a sa shi cikin sharaɗi.

Ranar da gurbi ya fito, sabon lissafi ya fara. Yawancin kwasa-kwasan Gidan Kwano shekara biyar ne, har da watannin koyon aiki a masana'antu, kuma yajin aikin malamai na iya ƙarawa: na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗakunan kwanan jami'a ba sa isa, shi ya sa gidajen haya suka cika Gidan Kwano da Gidan Mangoro. Iyayen Garatu suna da zaɓin da na nesa ba su da shi, yaro ya riƙa zuwa daga gida. Yana rage kuɗin haya da na abinci, amma akwai kuɗin mota kullum, akwai lacca ta ƙarfe takwas, akwai hanyar Bida da tirelolinta da tankokinta, kuma ɗalibin da ke kwana a gida ba ya fita daga jerin masu aike. Wasu kan bar shi ya kama ɗaki da abokin da aka san gidansu, ya riƙa zuwa ƙarshen mako ya ɗebi doya da garin tuwo. Asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda ya buɗe shafinsa a Mayun 2024, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ya kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ɗalibin ne zai nema da kansa, da lambar JAMB da NIN da BVN ta banki, kuma sunan da ke kansu duka sai ya zo ɗaya.