Mai koyon sauraro

 Yau zancenmu a kan wata baiwar Allah ne da ke koyon aikin ba da shawara ga masu fama da damuwa, kuma ita kanta ta taɓa shiga ciki. Bayan haihuwarta ta fari ta yi watanni ba barci, ba cin abinci, ga kuka babu dalili, jaririn ma ba ta son ɗauka. A gida wasu suka ce iska ce, wasu suka ce shagwaɓa. Sai da wata ungozoma ta tura ta wurin likita aka gane ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, aka ɗora ta a kan magani har ta samu sauƙi.

To, za ki ce wadda ta sha wannan wuya ai ta riga ta iya aikin. Ita kuwa ta shaida mini cewa abin da ya fi ba ta wahala a horon shi ne kame bakinta. Da mace ta fara ba ta labari, sai ta ji "ni ma haka na yi" yana neman fitowa. Malamanta sun hana, domin da ta faɗa, hira ta koma kanta, mai matsalar kuma ta zama 'yar kallo.

Hanyar da take bi ta samo asali ne daga wani masanin halayyar ɗan Adam, Ba'amurke, Carl Rogers, wanda ya fitar da littafi a kanta a 1951. A ganinsa mai damuwa ita ta fi kowa sanin inda ke mata ciwo. Aikin mai ba da shawara shi ne ta saurara har ta fahimci abin yadda mai shi ke jinsa, ta karɓe ta ba tare da yanke mata hukunci ba, kuma kada ta yi fuska biyu. Ku duba mu dai: 'yar uwa ba ta gama magana ba, mun ce "ki yi haƙuri". Haƙuri abu ne mai kyau, amma sau da yawa rufe bakin mutum muke yi da shi.

Ita ma ba a bar ta ita kaɗai ba. Tana da mai duba aikinta da take zama da ita a kai a kai, musamman idan labarin wata ya tayar mata da tsohon miki.

Sannan ta san iyakarta, ba ta rubuta magani. Idan mace ta ambaci kashe kanta ko cutar da jaririnta, ko tana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, wannan ya wuce hira. A ranar za ta nemi wani na kusa da ita ya raka ta wurin likitan ƙwaƙwalwa, kamar a asibitin Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a jihar Sakkwato.