Ma'ajin da ke Cikin Wayar Hannu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu cajin waya a Gwarzo ko Kabo ya ga yadda ake tura wa'azi ko fim a katin memori. Da zarar mai rumfa ya taɓa folda, sai sunayen fayiloli su jeru reras. To, amma wane ne ya ɗauko su?

Da farko dai, ita folda rajista ce kawai, wadda ke ɗauke da sunan kowane fayil tare da lambar da ke nuna inda za a same shi. Tana kuma iya ɗaukar sunan wata folda, har tsarin ya yi rassa kamar bishiya. Wannan tsari ya bazu ne ta hanyar babbar manhajar Unix, wadda su Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Amurka a 1969.

Mai riƙe da wannan rajista shi ne kanel, wato ƙwayar babbar manhaja, wanda matsayinsa tamkar na ma'aji ne a gidan sarauta. Wayoyin Android suna aiki ne da kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Idan manhaja irin WhatsApp tana bukatar hoto, iyakarta zaure: sai ta miƙa bukata, shi kuma kanel ya bi sunayen foldoji ɗaya bayan ɗaya, yana duba izini a kowace ƙofa, kafin ya miƙo mata.

Akwai kuma wasu ƙananan manhajoji, kamar masu sarrafa kyamara, da ke zaune a cikin kanel ɗin kansa. Su ba su da shamaki. Saboda haka masanan Linux suka daɗe suna gargaɗin kada irin waɗannan su riƙa buɗe folda suna karanta fayil kai tsaye. Gara manhajar waje ta karanta, ta tace, sannan ta miƙa. Dalili kuwa shi ne, in baƙo ya yi tuntuɓe a zaure shi kaɗai ya faɗi, amma in ma'aji ya ruɗe, gida duka ya tsaya.

An ga haka ranar 19 ga Yuli, 2024. Wata manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike, mai aiki a cikin kanel ɗin Windows, ta karanta fayil mai matsala, sai kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka durƙushe, bisa ƙiyasin Microsoft. An soke tashin dubban jiragen sama, aiki ya tsaya a wasu asibitoci da bankuna. A wurare da yawa sai da injiniyoyi suka bi kwamfutocin ɗaya-ɗaya, suka shiga foldar suka goge fayil ɗin.

Don haka, idan ɗalibi a Kabo ya ga waya tana tambaya ko a bar wata manhaja ta ga hotunansa, ya sani amsar da ya bayar ita ma'ajin zai bi. Ya duba mai roƙon tukuna, kafin ya ce a buɗe masa ƙofa.